Tsohuwar da Na Ƙi Cire wa Mayafi

A shekarun da nake aiki a ɗakin gwajin jini na wani asibiti a Bronx, ranar Lahadi tawa ce. Sai in share teburin cin abinci a gidanmu na Soundview, in zana shafi guda na labarina, in ɗora a intanet. Labarin wata tsohuwa ce, tela a layin 116, mai ƙiba da ciwon gwiwa, wadda allurarta ke ɗinke yagewar da ke tsakanin duniyarmu da ta aljanu. Duk inda aka samu ɓaraka, ko ƙarƙashin gada ko a tashar jirgin ƙasa, sai ta yafa mayafinta ta tafi tana mita.

Da farko masu karantawa ba su da yawa. Daga baya wani Bature mai sharhi a kan labaran zane ya yi dogon rubutu a kai. Ya yabi hannuna. Sannan ya ce labarin bai kai inda ya kamata ba, domin tsohuwar tana tunkarar sarkin aljanu amma ba ta taɓa tunkarar mayafin da ke kanta ba. Ya kuma yi ƙorafin cewa aljanun suna magana da Hausa ba fassara. A hutun rana na karanta, na kasa cin shinkafar da na zo da ita.

Bayan wasu watanni aka gayyace ni tattaunawar masu zane a wani shagon littattafai a Brooklyn, ashe Baturen nan ne mai gabatarwa. Yayata, wadda ke aikin kula da tsofaffi, ta raka ni, ta zauna a gaba da jakarta a cinya.

Cikin fara'a ya tambaye ni da Turanci, "Yaushe jarumar taki za ta 'yantar da kanta?"

Na ce, "Daga me?"

Ya taɓa kansa da hannu, yana nufin mayafin, wasu suka yi dariya.

Na ce gwaggona na zana. A Kano ta yi ɗinkinta har ta tsufa, ta aurar da 'ya'ya da keken ɗinkinta, ta taɓa korar ɓarawo da almakashi, kuma duk da mayafinta a ka. Na ce idan sai tsohuwar ta cire kafin a yarda jaruma ce, to a bar ta a tela.

Ya ce masu karatu suna son su ga mutum ya canza.

Na ce, "Ta canza. Da ba ta yarda da kowa, yanzu har aljani ke riƙe mata zare. Kanta kake kallo, shi ya sa ba ka gani ba. Hausar kuma tana nan. Ni sai da na koyi yarenku kafin na karanta naku."

Wata mata daga kamfanin buga littattafai, wadda muka jima muna magana kan mayar da labarin littafi, tana wurin. Daga ranar ba ta sake amsa min saƙo ba. Abin ya yi min ciwo ƙwarai, don na riga na gaya wa mutanen gida.

A jirgin ƙasa muna komawa Yaya ta ce, "Kin yi daidai. Amma ke ma ki rage aljanun nan. Ana ta magana a masallaci."

"Yaya, su ne labarin."

"To ki sa su musulunta mana."

Na ce mata a'a, ita ma. Ta harare ni, ta juya tana kallon taga har muka sauka. Na ci gaba da zanen shekaru bayan nan, ba littafi, ba kamfani, har na kai labarin inda ni nake so ya tsaya.