Jitar da Yatsu Suka Goge

"Mama, don Allah ki daina ƙwanƙwasa ta, ba tukunya ba ce!"

Haka ɗana Nasiru ya ce min jiya a Akurba, a gaban wani dattijo da zai sayar masa da tsohuwar jita. Ni tun farko ban so wannan kiɗe-kiɗen ba. Amma guminsa ne na gonar doya, ba zan zuba ido a cuce shi ba.

Na ga wuyan jitar ya goge, har yatsu sun yi gurbi a katakon. Na ce, "Baba, wannan ai ta gama yayi."

Ya yi dariya. "Madam, in ba shi da daɗi, wa zai taɓa shi har ya goge? Wanda ya tsufa amma har yanzu yana ƙyalli kamar sabo, shi za ki guje wa."

Ya nuna min yadda ake kanne ido ɗaya a duba wuyan. A miƙe yake sak. Na shinshina cikinta, babu warin danshi.

Na ce Nasiru ya biya, amma tana ɗakina sai ya gama jarrabawa.

Masu sanin jita, gaskiya dattijon nan ya faɗa, ko wayo ya yi min?