Takalmin Vicko

A tsibirinmu, Inna Jerka ce mai karɓar abin da taru ya kwaso daga gindin teku wanda kowa ya raina, wato glavoč, ɗan kifin nan mai ƙaton kai da ke fakewa cikin duk abin da ya nutse. Da shi take romo, da tumatur da man zaitun, da shi ta raini ɗanta tilo, Vicko.

Da guguwar hunturu ta kife jirgin Vicko, teku ta mayar da katako ta riƙe yaron. Daga nan Inna Jerka ta daina romo. Wa zai dafa maƙwabtan ɗansa? Kullum tana bakin gaɓa tana tsare masunta.

"Dinko, ɗan nema, ka ja taru ta bayan dutsen kuwa?"

"Na ja, Inna, har taruna ya yage."

"Ƙarya kake, rago. Da kwalbar giya ce ta faɗa, da ka tsamo ta da haƙori."

Burinta ɗaya, ta binne Vicko kusa da ubansa. Har limamin coci ya gaji da ita, ya ce ko mayafin yaron aka samu, zai yi masa addu'a a rufe kabari. Ni dai ganinta yana ƙona min rai, ta rame kamar kara.

Da bazara Dinko ya sauko daga jirgi, riƙe da takalmin roba ɗaya. Ta gane na Vicko ne tun daga nesa, don ita ta shafa masa jan fenti a dunduniya. Mata suka fashe da kuka, wani ya ruga kiran liman.

Ta karkata takalmin, ruwa ya zube. Sai ga glavoč a ciki, ya ƙi fita, ƙwansa manne da robar. Ta daɗe tana kallonsa.

"Inna, kawo mu kai coci," in ji Dinko. "Abin da kike nema ke nan."

"Ɗayan fa?"

"Wannan kaɗai taru ya kamo."

Ta sake cika takalmin da ruwa, ta miƙa masa.

"Mayar daidai inda ka ɗauko. Ƙasan tekun nan duk duwatsu ne. Da takalmi ƙafa ɗaya kake so yarona ya taka su?"

Har yau kabarin nan babu komai a ciki.