Ƙwayar Inna da Gwiwar Hajiya

Ni ce 'yar farin Inna, saboda haka tun da na yi wayo ban taɓa jin sunana a bakinta ba. "Ke" take ce mini, in ba na wurin kuma ta ce "waccan". Da aka kawo ni Gusau aure sai na sami ƙarin girma, na zama "ta Gusau". Ba ta cin abinci a gabana, in muka haɗa ido sai ta kama gyaran kallabi. Na san kunya ce, amma abin ya daɗe yana ci mini rai.

A shekarun nan da mota kan kwana a layin mai, mahaifar Inna ta sauko. Haihuwa da yawa, ga daka, ga ɗaukar ruwa. Ta yi ta ɓoyewa a ƙauyenmu can bayan Tsafe, sai da zama ya gagare ta aka kawo ta asibiti a Gusau aka yi mata aiki. Ƙanwata tana jego, don haka jinya ta faɗo kaina, ni da ba a iya ce wa miƙo ruwa sai ana kallon bango.

Aiki ya yi kyau. Abin da ya hana Inna sakat shi ne robar fitsari da ledar da ke rataye a gefen gado. Ta lulluɓe ledar da sabon zaninta. An faɗa mata mai lalura sallarsa ta yi, ta ce ta ji, amma kullum ta idar sai in ga tana share ido. A wurinta, muddin abin nan yana ɗiga, ba ta da alwala.

Nas ɗin ɗakin, wadda kowa ke ce wa Sista, ta yi mana bayani. Ta ce bayan irin wannan aiki mafitsara kan yi nauyin barci, shi ya sa likita ya rubuta wata 'yar farar ƙwaya da za a riƙa sha kafin a cire robar, don ta taimaka fitsari ya fito da kansa. In ya fito, sai gida. In ya ƙi, a mai da roba, har ma a sallami mutum da ita.

"In koma Tsahe da leda?" Inna ta tambayi bango. "Gara a bar ni nan."

Ni ke ba ta ƙwayar. In ajiye mata da kofin ruwa, in fita baranda, tunda ba za ta haɗiyi komai ina kallo ba. In na dawo ba ƙwaya, sai in ce alhamdulillahi.

Mai zuwa dubiya kullum ita ce Hajiya, uwar mijina. Daga Bungudu take hawo mota da kwanon fura, ta zauna a bakin gado, su gaisa da Inna gaisuwar surukai, kowacce kanta a ƙasa, a tambayi gida, a tambayi awaki, a sake tambayar gida. In an gama sai Hajiya ta shiga labarin gwiwarta, wadda ta girme ni a ciwo.

Ranar da aka cire robar muka zauna jira. Shiru. Marar Inna ta yi tsiri, zufa tana karyo mata. Sista ta tambaye ta yaya take ji.

"Lahiya lau," in ji Inna, tana cije leɓe.

Kafin la'asar aka mai da robar. Inna ta juya wa kowa baya, ko fura ba ta taɓa ba. Sista ta ce akwai waɗanda maganin ba ya yi wa aiki, za a ci gaba da shi a sake gwadawa.

Washegari da hantsi maigidana ya tare ni a baranda, fuskarsa ta rasa inda za ta tsaya tsakanin dariya da damuwa. Ya ce direbobin tashar Bungudu sun kai masa ƙarar tsohuwarsa. 'Yar tafiyar nan da ba ta kai a gyara zama ba, Hajiya sai ta tsai da mota a bakin gonar dawa, an tashi kaɗan ta sake buga ƙofa. Ga ta a can ƙuryar baya take zama, sai kowa ya sauka, har da mai akuya. Wani direba ya rantse da ya sake ɗaukarta gara ya koma layin mai.

Muna cikin haka sai ga Hajiyar da kwanonta. Ta wuce mu ta zauna, aka yi gaisuwa, sannan ta rage murya, irin ragewar da duk ɗakin ke ji.

"Wanga magani naki da ƙarhi yake. Ciwon gwiwa duk ta hitsari yake hita. Sai dai zuhwa da jiri. Akwai saura?"

Na ga Inna ta kai hannu bakin mayafinta, ta kwance ƙulli. Ga ƙwayar safe a ciki.

A gida ba a taɓa yin baƙon da ya fita daga ɗakin Inna hannu rabbana ba. Ko daddawa, ko kuka, ko ƙwan zabi. A asibiti ba ta da komai nata, ga suruka tana zuwa kullum da fura. Abu ɗaya mai daraja da ke shigowa hannunta shi ne maganin likita, sai ta riƙa yin tukuici da shi.

Da Sista ta ji, ta yi faɗa har hularta ta karkace. Ta ce da Hajiya na da wani ciwon a ɓoye, da yanzu wani zancen ake. Ta sa aka auna Hajiya. Ita kuwa ko a jikinta, cewa take gwiwa dai ta yi sauƙi. Daga ranar Sista ke tsayawa a kan Inna sai ta haɗiye, ta ce ta buɗe baki, ta ɗaga harshe. Ni aka sa riƙon kofi. Ranar na fara ganin yadda uwata ke shan ruwa.

Da aka sake cire robar, Hajiya tana zaune. Na lura Inna tana mutsu-mutsu, na san ko mararta za ta fashe ba za ta tashi zuwa banɗaki a gaban suruka ba. Na fita na ce wa maigidana ya zo ya ɗauke uwarsa, ya kai ta kasuwa, ya kai ta duk inda ya ga dama. Ya ja ta tana cewa ba su gama gaisawa ba.

Na kama Inna muka taka a hankali. Ta shiga, na ja ƙofa. Sista ta ce jin ƙarar ruwa yana taimakawa, sai na tsaya a waje ina tsiyaya buta a kan siminti, ni babbar mace mai 'ya'ya, masu wucewa suna kallona. Buta ta ƙare, na sake cikawa. Tsoro ya kama ni, don na san in aka mai da robar nan karo na biyu Inna ba za ta ƙara ɗaga kai ba. Na tsai da butar in saurara, sai na ji ƙarar ruwa ba ta tsaya ba. Daga ciki take fitowa.

Can na ji an kira sunana. Na waiwaya baranda, ba kowa. Aka sake kira, a hankali, daga bayan ƙofa, da muryar da na sani tun ina goye.

"Ciko butar. Alwala za ni yi."

Na tafi famfo ina dariya ina hawaye, buta ta cika ta yi ta zuba ban sani ba. Inna ta yi azahar a kan tabarma, ta daɗe a sujada. Da aka sallame mu, a motar Tsafe, ta koma "ke" ɗinta, kuma a kai ta zauna har ta bar duniya. Hajiya ta ƙara tambayata sunan maganin gwiwar nan ya fi a ƙirga. Ni kuwa har yau in na ji buta tana tsiyaya a kan siminti sai in bar abin da nake yi, in kasa kunne.