Tutar Ubandawaki Ƙosau a Kan Kekena

Jummai, daren jiya wani mafarki na yi, kuma tun wayewar gari ko ruwan koko ban iya haɗiya ba saboda baƙin ciki. Ke na ga ya dace in faɗa wa, don tun muna makaranta ke ce mai haƙurin sauraron shirmena. Ga shi kuma Baffanki, Allah ya jiƙansa, ya san fassarar mafarki, wataƙila kin tsinci wani abu a wurinsa.

Bari in fara gaya miki halin da ake ciki, tunda rabonki da gida an jima. An gama ginin makarantar 'yan mata, waccan ta bayan kasuwa. Ƙungiyar ci gaban gari tana so a sa mata sunan Ubandawaki Ƙosau, a kuma fito da tutarsa ta yaƙi a rataye cikin gilashi a ɗakin taro. Gari ya rabu biyu. Wasu sun ce ba don shi ba da yanzu garin nan kufai ne, shi ya tare mahara a bakin ganuwa. Wasu sun ce da wannan tutar ya riƙa hawa duwatsu yana cinna wa ƙauyuka wuta, yana ɗauro mutane a igiya. Abin da ke ci mini rai, Jummai, dukansu ba wanda ya yi ƙarya. Ranar Asabar za a zauna a yanke magana.

Kin san gidan da nake aure gidansa ne, mijina Baban Ummi jininsa ne. Ni kuma uwar kakata, a igiyar nan aka shigo da ita garin. Sunanta na gaskiya ma ba mu sani ba, wanda suka laƙa mata kawai muka gada, wai Nasamu. Surukina Baba Alhaji ya san haka sarai, amma shekaranjiya ya aiko mini da tutar a naɗe cikin tsohuwar jakar fata, wai tunda ni ce telar gida in kama inda ta yayyage kafin Asabar. Babu tambaya, babu lallashi. Na yi wa Baban Ummi magana, ya ce, "Ke ma dai, Rakiya, abin da ya wuce tun kafin zuwan Turawa?" Da wannan maganar a ƙirjina na kwanta.

A mafarkin ina shagona da rana tsaka, ina taka keke, tutar tana ƙarƙashin allura. A zahiri ba ta fi zanin ɗaurawa ba, fara ce da ta koma ruwan ƙasa. A can kuwa ina ɗinki tana ƙara tsawo, ta cika shagon, ta fita ta ƙofa, ta bi layi. Duk inda na kama sai wani wurin ya ɓarke. Tana warin dangar da ta ƙone aka yi ruwa a kanta.

Sai kawai na gan ni a filin makarantar, ni da keken gaba ɗaya. An kafa rumfuna, an jera kujerun roba, amma ƙasan wurin toka ce mai ɗumi, ƙafa tana nutsewa. Maza sun cika wurin da manyan riguna, ba wanda ya damu da tokar. Baba Alhaji ne riƙe da lasifika. Yana cewa Ubandawaki ƙato ne, sai ya sunkuya yake shiga ƙofar gari, muryarsa kaɗai tana karya dawakin abokan gaba. Ana ta kabbara. Baban Ummi yana tsaye a bayansa riƙe da lema, ya ƙi yarda mu haɗa ido.

Daga nan Malam Iro, tsohon hedimastanmu, ya karɓi lasifikar. Na ce yawwa, ga mai faɗa mini. Ya ce Ƙosau ɓarawon mutane ne, a ƙona tutar. Sai ya juyo ya nuna ni da sandarsa, ya ce, "Ga jikar baiwa nan, ku dube ta, abin tausayi." Duk filin ya juyo yana kallona kamar an kawo tunkiya kasuwa. Wallahi Jummai, haushin da na ji nasa ya fi na surukina. Wa ya aike shi? Wa ya ce ina neman tausayinsa?

Ina cikin wannan sai na ji motsi kusa da ƙafar keken. Wani ɗan tsoho ne zaune a toka, gajere, ramamme, ƙafarsa duk faso. Ba shi da haƙori, yana goga goro a magogi yana zubawa a baki. Ba wanda ya gaya mini, amma na san shi ne. Masu yabonsa da masu zaginsa suna ta tsallake shi, har wani ya taka masa gefen riga bai waiwaya ba.

Na ce, "Kai ne Ƙosau?"

Ya ci gaba da gugar goronsa.

Na ce, "Da kai nake. Me uwar kakata ta yi maka? Garinku ta zo ta tarar da kai, ko kai ka hau dutse ka tarar da ita?"

Ko ɗago kai bai yi ba.

Sai kawai wasu mata suka shigo filin a jere, igiya ɗaya ta bi wuyansu duka. Kowace tana ɗauke da ƙwaryar ruwa. Suna bi layi-layi suna miƙa wa mazan, su kuma suna karɓa su sha su miƙa ƙwaryar baya ba tare da sun dubi hannun da ya ba su ba. Baba Alhaji ya sha. Malam Iro ma ya sha, har ya kurkure baki ya ci gaba da jawabinsa a kan zaluncin bauta. Ta ƙarshen layin yarinya ce ɗanya, ba ta kai ƙanwata Saude ba. Gaban zaninta ya jiƙe sharkaf da nono, yana ɗiga a toka. Tana tafiya tana waiwaye. Daga can nesa kuma ana jin kukan jariri.

A nan na gane ta. Kakata Inna Tabawa ta taɓa ba mu labarin sau ɗaya tak, tana tsinkar zogale, ba ta sake ba har ta rasu. Ta ce ranar da aka kamo uwarta tana goye da ɗanta na fari, ko zama bai fara ba. A hanya yaron ya yi ta kuka, mayaƙan suka ce zai tona musu asiri, aka kwance shi daga bayanta aka ajiye a gindin ɗorawa, aka ja igiya. Ta ce har uwarta ta tsufa, in ta ga ɗorawa sai ta sauya hanya.

Na miƙe na hau kan teburin keken, na buɗe baki da iyakar ƙarfina. So nake in ce, ku yi mana shiru, ba ku jin kukan nan? Ku da kuke gardama a kan ƙyalle, akwai wanda ya tambayi ina yaron? Amma abin da ya fito daga bakina guɗa ce. Guɗa, Jummai, irin ta kai amarya, har lasifika ta ɗauka. Filin ya kaure da tafi. Baba Alhaji ya ce, "Kun ji ko? Surukarmu ma ta yarda. Allah ya yi miki albarka." Na sake gwadawa, guɗar ta sake fita, ta fi ta farko tsawo. Ina hawaye ina guɗa suna tafi.

Sai kawai filin ya ɓace, na gan ni a kan ganuwa, ganuwar da yanzu ko tudunta babu. Yamma ta yi, gabas duk hayaƙi. Mahara ne suke tahowa, ba na ganin fuskokinsu, sai ƙarar kofato da ihu. Matan gari suna ta gudu da yara da tsofaffi. Tutar nan ta buɗe a sama kamar rumfa, kowa yana shiga ƙarƙashinta. Kibau suna zuwa su cake a jikinta su tsaya, ko ɗaya ba ta wuce ba. Tsohon nan yana ƙofar gari shi kaɗai, ya daina cin goro, jini yana bin hannunsa, bai ja da baya ba.

Na leƙa ƙarƙashin tutar. Na ga matan gidan mijina. Na ga Ummina da kayan makaranta. A gefenta kuma ga Nasamu, ta ɗan manyanta, babu igiyar, ta ƙanƙame wata 'yar yarinya a ƙirji. Yarinyar ta juyo, sai na ga idon Inna Tabawa. Wato tutar da ta raba ta da ɗan fari, ita ce ta rufe ta da 'yar da muka fito daga tsatsonta. Ummi ta miƙo hannu ta ce, "Mama, shigo, za su harbe ki." Na ce ba zan shiga ba. Na tsaya a waje kibau suna wuce kunnena, raina yana tafasa, don ko wannan ɗin ma ba a bar mini ba, in tsane shi hankalina kwance.

Sai na ji almakashina a hannu, babban nan na yankan shadda. Na ce yau sai na yi mata filla-filla kowa ya huta. Na kamo gefenta na buɗe almakashin. A daidai bakinsa sai rubutu ya bayyana, na tawada, ya koɗe amma ana karantawa. Sunan Allah ne. Na matsa gaba, nan ma shi ne. Na koma wancan gefen, shi ne. Na juya na ce wa tsohon, "Ka ga abin da ka yi? Ka ɗauki sunan da ya fi ƙarfin kowa ka lulluɓe aikinka da shi. A ƙarƙashinsa ka ajiye jariri a daji. Yanzu ni ce zan zama mai laifi in na taɓa?" Ya dube ni a karon farko. Idonsa kamar na kowane tsoho a ƙofar masallaci.

Sai kawai na gan ni a daji, a gindin ɗorawa, gari ya yi sanyi kamar za a yi ruwa. Yaron yana kwance a kan busassun ganye, tsirara, kukan ma ya dishe, cinnaku sun fara hawa ƙafarsa. Na ɗauke shi na karkaɗe. Jikinsa ƙanƙara. Na laluba in cire mayafina, babu. Ɗankwali babu. Zanin jikina na ja, ya ƙi kwantuwa kamar an ɗinke shi da fatata. Can nesa layin matan yana tafiya, Nasamu tana tirjewa tana waiwayen mu, igiya tana fizgar wuyanta.

Tsohon ya zo ya tsaya a gabana. Tutar tana hannunsa, ta koma daidai girmanta, ya ninke ta kamar majanyi. Ya miƙo mini da hannu biyu. Maganar da ya yi ke nan a duk mafarkin:

"Babu wani ƙyallen."

Bai ce in yafe ba. Bai ce ya yi nadama ba. Na ce, "Allah ya isa tsakanina da kai. Da wannan zan goya shi? Da abin da ya kashe shi?" Yaron yana ta sanyi a hannuna, leɓensa ya fara baƙi. Daga cikin itatuwa kuma lasifikar tana ta kira, masu goyon baya su ɗaga hannu, waɗanda ba su yarda ba su ɗaga hannu. Ni kuwa hannuwana biyu suna riƙe da yaro. In na ɗaga ɗaya zai faɗi. Na dubi tutar, na dubi yaron, na ji hannuna na dama ya fara saki yana nufar ƙyallen, ina zaginsa yana tafiya.

A nan Baban Ummi ya girgiza ni na farka. Matashina ya jiƙe, muƙamuƙina yana ciwo don cije haƙora. Ya ce, "Ke da wa kike Allah ya isa?" Kafin in buɗe baki ya ce, "Na ji kin kira sunan Ƙosau." Ya tashi ya yi alwala ya tafi masallaci, daga can ya wuce kasuwa, ko karyawa bai dawo ya yi ba. Tunda muka yi aure bai taɓa yin haka ba. Ɗazu kuma Baba Alhaji ya leƙo da kansa, yana murmushi, wai yaya aiki, kar in sa farin zare mai haske, in nemi wanda ya tsufa.

Na yi tofi a hagu, na yi addu'ar da ake yi, amma abin ya ƙi barin idona. Don Allah Jummai ki gaya mini gaskiya, ko ki tambayar mini wani malamin da bai san gidanmu ba. Nasamu ce ta zo tana roƙona kar in sa hannu a tutar nan, ko cewa take in rufe mata ɗanta ko da mene ne? Kuma hannun nan nawa da ya tafi karɓa ba da sona ba, da ba a tashe ni ba, kina ganin da na karɓa?