Tirelar Yaya a Gefen Hanya

Yayana direban tirela ne tun ina makarantar firamare. Siminti da rodi yake ɗaukowa zuwa kasuwar Dei-Dei, a shekarun nan da Abuja take cin siminti kamar ba za ta ƙoshi ba. Da guminsa na yi karatu har na samu aikin sakatariya a wata ma'aikatar tarayya. Abin alfaharinsa a duniya ɗaya ne, kuma ya faɗe shi har mun haddace: bai taɓa kai kayan mutane a makare ba. Ko taya ta fashe, ko hanya ta toshe, zai san yadda ya yi. Mukan tsokane shi mu ce ranar ɗaurin aurensa ma ya riga liman zuwa.

Ciwon suga ne ya sauke shi daga mota. Ɗan rauni ya ji a yatsa, ya raina shi, ya ci gaba da taka totur, har sai da likitoci suka yanke ƙafar dama daga ƙasan gwiwa. Matarsa ta riga ta rasu, 'ya'yansa suna can gida wajen dangi, sai ni da maigidana muka ɗauko shi zuwa gidanmu a Karu, muka ba shi ɗakin baƙi.

Tun da ya shiga ɗakin nan ya juya fuskarsa bango. Mutumin da idan yana hira maƙwabta ke ji, ya koma ba ya cewa komai sai, "Ajiye, Auta," in na kai masa abinci. In na dawo daga aiki sai in tarar da kwanon yadda na bar shi. Likita ya gaya mini ba ɓoye-ɓoye cewa idan bai ci abinci ba ciwon ba zai warke ba, maganin ma cutar da shi zai yi. Na yi lallashi, na yi faɗa, na yi kuka a gabansa. Ni mace ce mai baki, amma bakina bai yi mini rana ba, kuma tsoro ya kama ni sosai.

A lokacin gwamnati tana da kuɗi, aka canja mana kwamfutoci a ofis, aka yi gwanjon tsofaffin ga ma'aikata. Na sayi ɗaya don buga takardu a gida. Wani abokin aikina da na ba labarin Yaya ya ce akwai wani wasa da 'ya'yansa suke yi, na tuƙin tirela, ana ɗaukar kaya daga gari zuwa gari. Na ce masa, "Malam, dattijo da furfura a gemu zan ba wasan yara?" Ya ce in dai gwada. Ya zo ya saka mini shi, na tura teburin har bakin gadon Yaya, na kunna.

Ƙarar injin ce ta sa ya juyo. Amma kwamfutar ofis ce, ba ta saba da wahala ba. Tirelar sai ta tafi kaɗan ta ƙame, ta yi tsalle, ta sake ƙamewa. Yaya ya kalla na ɗan lokaci ya ce, "Kashe ta, Auta. Motar nan shaƙewa take yi. Ni ba na hawa motar da ba ta da lafiya." Ya mayar da fuskarsa bango. Na fita raina a ɓace, sai a kicin na tuna cewa rabon da in ji doguwar magana haka daga bakinsa tun kafin asibiti. Washegari da na kai masa koko ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "An kai ta gareji?"

Ranar Asabar na ɗaure kwamfutar a zani na kai ta wajen wani mai gyara a Wuse, mutumin kudu mai ƙiba da fara'a. Ya buɗe ta ya yi dariya.

"Hajiya, wannan kwamfuta na taifin ne. Ba ya iya gem. Sai kin saka mashi girafik kat."

Ya yi mini bayani cewa wani allo ne da ake ƙarawa a ciki, shi yake ɗaukar nauyin zana hoto, kwamfutar ta huta. Ya ɗauko ɗaya na hannu, ɗan Kwatano, mai fanka biyu. Da ya zo sakawa, katin ya fi cikin kwamfutar tsawo. Ya cire wani ƙarfe, ya canja akwatin da ke ba ta wuta don tsohon ba zai iya ɗaukar katin ba, duk da haka murfin gefe ya ƙi rufuwa. Ya ce in bar ta a buɗe, iska ma za ta fi shiga. Sannan ya tallata mini wani sitiyari na roba da ake ɗaurawa a tebur. Na saya. Sai da na zo gida na ga ashe da totur da birki na ƙafa a cikin kwalin. Na tsaya ina kallonsu, sannan na ɗora su can saman wadirob inda Yaya ba zai gani ba. Akwai maɓallai a jikin sitiyarin da suke yin aikin totur da birkin.

Yaya ya leƙa cikin kwamfutar, ya ga fankokin suna juyawa, ya gyaɗa kai. "Ashe sabon inji aka saka mata," in ji shi. Ya ce in tallafa masa ya zauna. Ya yi bismilla, ya karanta addu'ar hawa abin hawa cikakkiya, ya duba madubin hagu da na dama, sannan ya tayar. Tirelar ta fita titi sumul. Na ga kafaɗunsa sun miƙe.

Ƙorafi kuwa bai bari ba. Titunan ƙasar Turawa ne a wasan, babu rami, babu shinge, babu akuya. "Wace irin ƙasa ce wannan, Auta, mutum ya yi tafiya haka bai ga mai shayi ba?" Amma a ƙa'idarsa direba ba ya cin abinci yana tuƙi, kuma ba ya tsayawa bai ci ba. Ranar farko da ya faka a wani gidan mai, ya kashe inji, sai na ji murya har tsakar gida: "Mai abinci, a zuba na direba." Na zubo tuwon alkama da miyar kuɓewa na kai masa. Ya cinye tas, ya ce miyar ba ta kai ta wata mata a hanyar Lokoja ba. Na ce to ya koma can ya ci. Na shiga banɗaki na yi kukana na wanke fuska.

Damina guda muka yi a haka. Ya yi ƙiba kaɗan, hira ta dawo, maigidana yakan zauna a gefensa ya zama yaron mota. Kowane kaya akwai lokacin da aka ɗiba masa a agogon wasan, kuma ko sau ɗaya Yaya bai makara ba. In an kira salla yakan nemi wuri mai kyau ya faka, ya ja birkin hannu, sannan in kashe masa kwamfutar.

Haka ya yi wata Lahadi da azahar. Katako ya ɗauko. Ya gangara gefen hanya, ya kunna fitilun gargaɗi, ya ce, "Kashe, Auta. In na yi salla zan ƙarasa, saura kaɗan." Da na kawo masa ruwan alwala na taɓa hannunsa na ji zafi rau. Ashe wani sabon rauni ya fito a ƙafar hagu, ya ɓoye shi cikin safa, yana tsoron kada ita ma a yanke. Muka kai shi asibiti a ranar. Bai dawo gida ba.

Bayan 'yan gaisuwa sun watse, wata safiya na shiga ɗakinsa da niyyar kwashe kaya. Na zauna a bakin gadon, na kunna kwamfutar. Ga tirelar nan a inda ya bar ta, fitilu suna ƙiftawa, katako a baya. Na kama sitiyarin, na ce bari in kai masa kayan nan. Ni da ko keke ban iya ba, na rasa ma ta inda ake sakin birkin. Ina cikin lalube sai idona ya kai kan agogon da ke ƙasan allon. Duk kwanakin nan yana tsaye a azahar ɗin Yaya, yanzu da na kunna ya fara tafiya, lokacin da ya rage masa yana raguwa a gabana. Na miƙa hannu da sauri na zare wayar daga bango.

Tana nan a ɗakin, na lulluɓe ta da zani saboda gefenta a buɗe yake. Maigidana ya taɓa cewa mu ba 'ya'yan Yaya ita, na ce a ba su komai ban da wannan. Ban sake kunna ta ba, kuma ba na barin kowa ya kunna, don har yanzu Yaya bai makara ba.