Manhajar Taju, Bayan Shekara Bakwai

Shekara bakwai ke nan da muka raka Tajuddin makwancinsa. Mu a Fagge Taju muke ce masa. Iyayensa Yarbawa ne da suka zauna a unguwar tun kafin a haife mu, mahaifiyarsa tana sayar da atamfa a kasuwar Kwari, shi kuwa a nan aka binne cibiyarsa, kuma Hausarsa ta fi tawa karin magana. Ni tela ne mai aikin wuyan riga, karatuna bai wuce firamare ba, ban kuma taɓa rubutu a jarida ba. Na daɗe ina juya wannan magana a raina. Har wurin malaminmu na je na tambaya ko faɗinta zai zama yi da mutum. Ya ce in ban kama suna ba, ban kuma ƙara gishiri ba, wanke mamaci daga zargi ba laifi ba ne. Don haka ba zan kama sunan wanda nake kuka da shi ba, zan ce masa Alhaji kawai.

Mu uku muka taso, ni da Taju da Alhaji. Makarantar allo ɗaya, firamare ɗaya, sau da yawa ma kwano ɗaya. Ni na tsaya a kan keken ɗinki, Alhaji ya shiga kasuwa, Taju ya ci gaba da boko har ya iya rubuta manhajar kwamfuta. Da injinan sirfani masu aiki da kwamfuta suka fara shigowa Kano, Alhaji yana cikin masu kawo su. Taju kuma ya zauna a wani ɗan shago a Sabon Gari, bayan masu gyaran rediyo, ya rubuta manhajar da tela zai zana aikin wuya a kwamfutar tebur, ta aika wa injin ya ɗinka. Manhajar da take zuwa tare da injinan ba ta san zanen aska takwas ba, ba ta san tambari ba, ba ta kuma san akwai garin da ake ɗauke wuta ba sallama ba. Tasa ta san duk wannan. In aka kunna ta, sunansa ne yake fara fitowa a ƙasan allo, da ƙananan baƙaƙe, tare da fatan Allah ya sa wa aikin albarka.

Ni ne mai gwada masa ita. Ni mutum ne mai wasi-wasi, nakan kulle shago in kai bakin titi, in dawo in sake taɓa kwaɗon. Kowa aibu yake ganin haka, ban da Taju. Yakan leƙo ya ce, "Malam Sabi'u, taso ka ɓata min ita. Kai kaɗai ne a Kano za ka danna abu ka sake dannawa don ba ka yarda ya ji ta farko ba." Kuma da gaske, wannan sake dannawar tawa ta taɓa sa manhajar ta daskare cik, don ta aika wa injin aiki biyu lokaci guda. Taju ya yi ta dariya kamar wanda aka yi wa kyauta, ya zauna ya toshe ƙofar.

A wurinsa na ga yadda ake neman ciwon na'ura. Ba ya taɓa komai sai ya ga matsalar da idonsa. In tela ya zo ya ce abin ya ƙi, sai ya ce, "Sake yi in gani." Daga nan ya tambaya me ya canja tun ranar da take lafiya. In zai gwada gyara, abu ɗaya yake canjawa, ya gwada, sannan ya matsa gaba, don in ka sha magani biyar a tare ba za ka san wanda ya yi maka aiki ba. Akwai wani tela a Rijiyar Lemo da manhajar take ƙin buɗe masa kullum da safe. An ce masa bairos ne, wasu ma suka ce hannu aka sa masa. Taju ya je ya tarar ɗan batirin da ke riƙe agogon kwamfutar ne ya mutu, kwanan wata yake komawa baya, manhajar ta rikice. Wani kuma injinsa ya daina amsawa, ashe ranar da aka share shagon an cire wayar injin an mayar da ita wani ramin. Ban taɓa jin ya ce wa tela kai ne ba ka iya ba. Cewa yake in har yatsan tela ɗaya zai iya ɓata ta, to shi ne ya bar tsaga a bangon, ba ruwan ƙadangare.

Abin da ya fi alfahari da shi kuwa, shi ne aka fi yi masa ƙorafi a kai. Manhajar takan ɗan dakata kaɗan-kaɗan tana ajiye inda allura ta kai, yadda in an ɗauke wuta a tsakiyar aiki, ana kawowa za ta ɗora daga nan. Wannan yana rage mata gudu. Alhaji da kansa ya sha ce masa, "Taju, abin nan naka tafiyar hawainiya yake yi, mutane sauri suke so." Shi kuma ya ce, "Alhaji, shaddar mutane ce a ƙarƙashin allurar, ba ta babana ba."

Rashin lafiyarsa ba ta yi tsawo ba. Bayan an share makoki, Alhaji ya je gidan, ina zaune a zauren, kunnena ya ji. Ya roƙi mai ɗakin marigayin, Maman Rukayya, ta ba shi kwamfutar da asalin rubutun manhajar yake ciki, wanda masu sana'ar suke ce wa kod, wanda in babu shi ba mai iya gyara ta. Ya ce, "Amana ce, Maman Rukayya. Aikin ɗan'uwana ba zai mutu ba, sunansa ba zai ɓace ba ina da rai." Ta ba shi tana kuka. Wa zai hana abokin ƙuruciya? Sai dai masu magana sun ce sabo da kaza ba ya hana yanka ta.

Ba zan zalunci Alhaji ba. Kwamfutoci sun canja, tsohuwar manhajar ta fara ƙin hawa sababbi, dole a sabunta ta, ya kuma ɗauko masu ilimin abin suka yi. Wannan daidai ne. Amma da sabuwar ta fito, an sa mata wani suna, an yi mata kwalliya, sunan Taju kuwa babu shi ko a lungu. Na haɗiye wannan, na ce wataƙila haka tsarin kasuwa yake, ni ban yi karatu ba. Abin da ban sani ba sai daga baya shi ne, an cire dakatawar nan da yake ajiye inda allura ta kai, don a ce wa masu saye sabuwar ta fi gudu. Ta fi gudu kam. Amma in aka ɗauke wuta, ko janareta ya yi tari, sai ta manta inda take. Allura ta koma ta bi ta kan aikin da ta riga ta yi, zare ya cunkushe, shadda ta huje. Gab da Sallar bara teloli da dama sun yi kuka, don rigar da wuyanta ya yage ba ta da magani, kuma mai ita ba zai je Idi da bayani ba.

Masu kai ƙorafi shagon Alhaji amsa biyu suke samu. Ta farko, cire ta ka sake sawa. In sun dawo, sai ta biyu: tushen ne ba shi da kyau, wanda ya fara rubuta ta ne ya yi aikin ha'inci, su faci kawai suke yi. Da na ji haka ban yarda ba, na ce ƙila ma'aikata ne suke faɗa ba da saninsa ba. Na je shagonsa, na tarar da shi yana gaya wa wani tela haka da bakinsa. Na jira mutumin ya tafi, na ce, "Alhaji, ka fa san ba haka ba ne." Ya yi murmushi ya ce, "Malam Sabi'u, kai da wasi-wasinka. Wanda ya riga mu gidan gaskiya me zai yi da suna? Mu da muke raye mu ne muke da kasuwar da za mu kare." Ya sa a kawo min lemo. Ban iya sha ba.

Nakan tambayi kaina, da Taju zai leƙo yau me zai ce? Goge sunan ba na jin zai dame shi, ƙila ma ya mayar da abin barkwanci. Amma da an shimfiɗa masa shaddar da ta huje, na san ba zai nemi wanda za a ɗora wa ba. Zai ja kujera ya tambayi me aka canja, kafin la'asar kuma an gano. Matsalar nan ba ɓoyayya ba ce, wanda ya cire abin ya san abin da ya cire. An dai ga ya fi sauƙi a jingina ta ga wanda ba zai tashi ya musa ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kyauta.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami kuwa, maganar ta kai kunnen Maman Rukayya. A wurin wani biki wata mata ta ce mata, ashe aikin mijinki ne ya ɓata wa maigidana kayan mutane. Washegari ta hau adaidaita ta zo shagona, ko zama ba ta yi ba ta ce, "Malam Sabi'u, don Allah kada ka rufe min. Da gaske baban Rukayya ha'inci ya yi?" Ina da tsohuwar kwamfuta a ƙuryar shago da ban taɓa yarda a sabunta ba, ba na ma bari a soka mata filashi. Manhajarsa ta asali ce a ciki, a lokacin kuma tana tsakiyar aikin wata farar shadda ta mutane. Na yi mata bayani iya iyawata. Ta saurara, sannan ta ce, "To kashe wutar in gani."

Kwamfutar ta tsufa, shaddar ba tawa ba ce, na fara lissafin abin da zan gaya wa mai ita. Amma na kai hannu na kashe. Injin ya yi tsit. Na mayar da wutar, muka tsaya muna kallo har kwamfutar ta gama tashi. Allura ta matsa a hankali, ta sauka daidai ramin da ta baro, ta ci gaba kamar ba abin da ya faru. Maman Rukayya ta shafa wurin da yatsa, ba ta ji ko kulli ba. Ta goge idonta ta ce, "Alhamdu lillahi, ni dai na gani. Sauran mutanen gari fa, wa zai nuna musu?"

Wannan rubutu shi ne amsata. In na auna abin da ya rage na Taju, ba shi da yawa. Kod ɗin yana hannun Alhaji, da Maman Rukayya ta aika neman sa aka ce wai ya ɓata wurin ƙaurar shago. Kwamfutar tawa kullum da safe sai ta yi gurnani kafin ta tashi, na san akwai ranar da ba za ta tashi ba, daga ranar kuma ba ni da abin da zan nuna wa kowa. Saura rigunan da aka ɗinka a zamaninsa, suna jikin mutane a masallatan Juma'a, wuyansu lafiya lau, masu su ba su ma san da shi ba. Allah ya jiƙansa, ya sa aikin ya bi shi.

Alhaji, na san za a karanta maka wannan. Ban ce ka mayar da sunansa kan allo ba, na daina sa rai da haka. Ka mayar da abin da aka cire, don teloli su huta. Kuma tunda ka ga ya dace ka raba shi da yabon aikinsa, to ka ji tsoron Allah ka raba shi da laifin aikinka.