Kawu Mumuni da Tabon Rana

Duk wanda ya san Kawu Mumuni a unguwar Guéma ya san ba a gaishe shi da ƙarfe sha biyu. Ko liman ne ya yi sallama, sai dai Kawu ya ɗaga hannu daga saman bene, baki cike da goro, ya ce, "A jira, ina da baƙuwa." Rana yake nufi.

Tsohon malamin kimiyya ne. Da bututun ruwa ya haɗa na'urar hangen nesa, ya kafa ta a saman gidansa. Ba a leƙa ta da ido. Hoton rana take saukewa kan farar takarda, mutum ya bi baƙaƙen tabonta da fensir. Kullum sukan ɗan matsa, don rana juyawa take. Can aka tura ni bincike a shekarata ta ƙarshe a jami'a: kwana sittin ina zane, da shi zan kare digirina. Ni 'yar ƙanwarsa ce, amma bai raga mini ba.

Lema ɗaya gare shi, ita ma ta na'urar ce. Ranar da ruwa ya ritsa mu, ita ya rufa wa, muka jiƙe sharkaf.

"Kawu, mura fa."

"Ke akwai maganinki a farmasi. Ita wa zai ba ta?"

A lokacin zuciyata na garin Djougou, wurin Nasiru mai shagon atamfa. Wata rana na ga wani ƙaton tabo, kyakkyawa, shi kaɗai a gefe kamar masoyin da aka yi wa nisa. Na zana shi, na raɗa masa suna Nasiru. Kawu ya duba, ya sa bakin riga ya goge gilashin. Tabon ya ɓace.

"Ramatu, mijin naki ɓarɓashin gorona ne."

Babban laifina ya zo a kwana na arba'in. Na sulale Djougou kwana uku, na ce biki. Da na dawo, na kwafe zanen Alhamis sau uku na cike gurbin. Kawu ya jera takardun, ya daɗe yana tauna.

"Ikon Allah. Rana ta daina juyawa, ta tsaya cak tana jiran ki dawo?"

Na fashe da kuka. Na san shi ma ya zana kwanakin, na roƙe shi ya ba ni nasa. Ya ƙi. Ya miƙo fararen takardu uku, ya ce in rubuta gaskiya a kowacce. Na rubuta: "Ban duba ba. Na tafi Djougou." Na tabbata digirina ya tafi ke nan.

Ranar kare binciken a jami'a, farfesa ya buɗe daidai wurin, ya ɗago kai.

"Me ke Djougou da ya fi rana?"

Na kama jujjuya takarduna. Sai muryar Kawu daga kujerar baya: "Ga shi can zaune da shuɗiyar shadda, Malam. Ni ma na duba, bai fi ta ba."

Ɗakin ya kece da dariya, Nasiru ya sunkuyar da kai. Farfesa ya ce ɗalibar da ta bar gurbi a fili ya yarda da sauran takardunta, ya sa hannu.

Da daminar bara muka rasa shi. Allah ya jiƙan Kawu, ya haskaka makwancinsa, ya sa amsar kabari ta zo masa da sauƙi kamar yadda ya amsa mini a ranar da na rasa ta cewa. Amin.